Kawunan Kifin Mola

Chilmari, 3 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Rokeya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti? Mu nan sai godiya. Ambaliya ta janye, ta bar mana laka da gajiya.

Maganar 'yata Tuni ce ta sa na rubuto. Tun da ta tashi daga ƙyanda, rana na faɗuwa sai ta nemi gindin bango ta tsugunna. Jiya na ajiye mata shinkafa, ta yi ta lalube har ta kifar da kwanon. Surukata ta ce dundumi ne, kowane yaro yana yi. Ta hana ta ganye da kabewa, wai masu sanyi ne, za su dawo da ƙyandar. Akwai kuma wani fari kamar kumfar sabulu a gefen idonta. Ni dai na gaji da musu a gidan nan.

Ƙanwarki, Shefali

Rangpur, 11 ga Agusta

Shefali,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ke ce ba ki da lafiyar kai. Shara nake yi a asibitin ido, amma ai da kunnena nake sharar. Na karanta wa nas wasiƙarki, ta ce kumfar nan alamar rashin bitamin A ce, kuma bayan ƙyanda ido ba ya jira. Ki kawo yarinyar yanzu, akwai maganin da za a matsa mata a baki.

Sannan ta tambaye ni ko kuna cin mola, ɗan kifin nan na kududdufi. Ta ce amfaninsa ga ido yana cikin kai ne. Sai na tuna Inna ba ta taɓa yanke kan mola ba. Ke fa? Ko kin zama 'yar gayu?

Ki gaida surukarki, babbar likita.

Rokeya

Chilmari, 6 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, ki yafe mini shirun. Baban Tuni ya ce sai an gama jiƙa rama za mu tafi, ni kuma ban iya tsallake maganarsa ba.

Kin tambaye ni kan mola. Satin da aka kawo ni gidan nan na dafa shi yadda Inna take yi. Surukata ta leƙa tukunya ta ce, “Ashe kyanwa muka auro, har da kai take ci.” Kowa ya yi dariya. Tun daga ranar nake zama da wuƙa ina yanke kawunan ɗaya bayan ɗaya, bayana na ciwo, in watsa wa agwagi. Shekara bakwai, Yaya. Tuni ma tana taya ni watsawa.

Yanzu da kai nake dafawa, mai dariya ya yi. Amma idon Tuni na dama ya yi fari, ba ta buɗe shi. Muna tafe ranar Alhamis, ko da izini ko babu.

Shefali

Chilmari, 2 ga Oktoba

Yaya,

Mun iso gida lafiya, Allah ya saka da ɗawainiya. Jiya da magariba allura ta faɗo mini, Tuni ta karkata kai ta tsinto ta da idon hagu. Ta tambaye ni yaushe ɗayan zai farka. Na ce ta ci abincinta tukuna.

Agwagin suna nan, kullum suna bina bakin murhu.

Taki, Shefali