Rigar da Ba Za Ta Ɗauki Sunan Baba Ba

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sauda da yara. Allah ya sassauta wa Inna ciwon gwiwar nan. Man zafin da na aiko ta hannun Balkissa a riƙa shafa mata, kar a adana shi kamar turare. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi da ruwan sama da ba sa gajiya. Na zaɓi in rubuta maka maimakon saƙon murya, don ka san halina, in na buɗe baki raina a ɓace sai duk unguwar Dengfeng sun ji.

Maganar rigunan nan ce da ka turo mini hotonsu, na sabon abokin cinikinka Umar Faruƙ. Tun farko zuciyata ba ta kwanta ba. Mutum yana da nasa tambarin, amma ya ce a ɗinka namu, Tankari da 'Ya'yansa, a wuyan riga? Kayan ba Kano za su sauka ba, wai wani adireshi a Turai, kuma kar a nuna wa kowa samfur. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk da haka na kai hoton wurin laban ɗinmu, wato mai masana'antar ɗinki a Xintang, ya fitar da samfur guda ɗaya: riga mai ratsin fari da shuɗi, lamba a ƙirji, tauraro ruwan ɗorawa mai tsini shida, da rubutun wani yare a baya. Ni tauraron ma daɗi ya yi mini, don ya tuna mini da na jikin tsohon kwabo mai huda da Baba yake ajiyewa a gwangwani.

Ina cikin duba ɗinki sai ga wata Baturiya, ita ma mai sarin jins ce a wurin, ta tsaya ta zuba wa rigar ido. Ka san nan, wanda ya kalli samfurinka sau biyu, jibi za ka gan shi a kasuwar Shisanhang a rabin kuɗi. Na yi wuf na rufe da mayafina, na watsa mata harara. Ashe kuka take yi, Zayyad. Wallahi ko a nan ban yarda ba, na ce sabuwar dabarar sata ce.

Da ta samu bakin magana, ta ce sunanta Rifka, Bayahudiya ce. Ta ce irin kayan da gwamnatin Hitila ta sa wa mutanenta ke nan a lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan an kwashe su a taragon dabbobi zuwa sansani, an kashe miliyan shida, wasu da yunwa, wasu da harsashi, wasu da iskar guba a ɗakin da aka ce musu na wanka ne. Rubutun bayan rigar shi ne na ƙofar sansanin. Ta nuna mini hoton hannun kakarta a waya, da lamba a fata kamar shaidar saniya. Kakar ce kaɗai ta fita da rai a gidansu. Sannan ta ɗaga wuyan rigar ta tambaye ni sunan wa ke jiki. Na ce na mahaifina. Ta ce Allah sarki, ita kakarta sunan aka fara ƙwace mata. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ka san ni, ba na sayen magana a buhu. Na je wurin Abdoulaziz, mutumin Yamai mai shagon waya, wanda ya yi boko mai zurfi. Yana ganin rigar ya yi salati, ya ce sun karanta wannan a makaranta, ya buɗe mini hotuna: tulin takalman yara, tulin gashin mata. Ya ce har yau akwai 'yan iska a Turai da suke sa irin wannan don yi wa matattun dariya, kuma su ɗin ba sa son Musulmi da baƙar fata ma.

Na san me za ka ce, za ka kawo mini maganar Falasɗinu. Ni ma tana ci mini rai, ni ma ina musu addu'a. Amma yaran da aka cire wa takalman nan me suka yi wa wani? Baba ko gawar wanda bai sani ba aka wuce da ita, sai ya miƙe tsaye. Shi ne za a liƙa sunansa a rigar yi wa gawa dariya? Haba!

Yanzu na gane abin da ya sa Umar Faruƙ ya ɓoye nasa tambarin: ya sha romo, mu a bar mu da baƙin tukunya. Shi ba na shakka ya san abin da yake yi. Kai ne ban sani ba, kuma shi ne abin da ke damuna. Kai ka ce mini kar in nuna wa kowa, ka maimaita har sau biyu. Saƙonsa ka isar, ko naka ne?

Na dakatar da aikin. Laban ya yi ta faɗa, na ce masa meyo, wato babu da yarensu, ba za a ɗinka ba. Sunan Baba na sa reza na farke shi daga samfurin da hannuna, shi ne ɗan ƙyallen da za ka gani a cikin ambulan ɗin nan. Ka riƙe shi a hannunka sannan ka ba ni amsa. In ba ka sani ba, ka rabu da mutumin nan yau, mu ci gaba kamar da. In ka sani, ka gaya wa Inna da bakinka dalilin da ya sa zan raba shago da kai, don ni ba zan iya ba.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da Kawu Salihu, da Sauda, da Amira da Saifullahi. Allah ya tsare mana sunan da aka bar mana.

Yayarka mai jiran amsa,
Rukayya Tankari