Dundumin Baffa

Cadawa, 28 ga Maris 1985

Zuwa ga maigidana, Baban Nana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gajiyar daji, yaya shanun da suka rage? Tanimu mai goro ya ce ya gan ka wajen Funtuwa, ka rame amma kana bisa ƙafarka. Na yi ta tambayarsa har ya gaji da ni. Shi zai kawo maka takardar nan.

Mu nan sai godiyar Allah. Jar dawar taimako muke ci, in ta yanke mu koma ga anza, wadda sai ta kwana huɗu cikin ruwa ɗacinta ke fita. Nana ta daina tambayar nono. Cikina ya shiga wata takwas, yana motsi ƙwarai. Kada ka damu da ni.

Labarin mahaifinka nake so in ba ka. Da rana Baffa garau yake, amma da rana ta faɗi sai ya shiga lalube. Ya yi tuntuɓe da turmi, ya fasa mini tulu, ran nan har ya yi wa dirkar rumfa sallama. Gogo maƙwabciyarmu ta ce iska ce ta shafe shi a gindin tsamiya, ta kawo turare, bai yi komai ba. Sai na lallashe shi muka bi amalanke zuwa gidan likita na Agiye.

Likitan, Malam Surajo, ya buɗe idon ya duba, ya ce dundumi ne, kuma daga ciki yake tasowa. Jikin da ya daɗe bai ga nono ko man shanu ko ɗanyen ganye ba, ido ke fara kai ƙara. Ya ce ya fi kama mai ciki da mai goyo da yaron da ya tashi daga ƙyanda, kuma in aka bar shi har idon ya bushe ya yi fari, to sai haƙuri. Ƙwayar maganin ta ƙare musu, ya ce mu nemi hanta. Da muka kusa gida Baffa ya ce, "Ni da na yi wanka da nono, yau rashinsa zai makanta ni."

Na kawo zancen Wule, karsanar da ka bar mana don ba ta iya doguwar tafiya. Ya ce kada in ƙara. Ita kaɗai ta rage daga jinin saniyar da ubansa ya ba shi, kuma amanarka ce. Rabin jinkar ɗakinsa ya tafi cikinta.

Nana na gaishe ka. Allah ya tsare mana kai.

Matarka, Cima.

Cadawa, 23 ga Afrilu 1985

Baban Nana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina neman gafara biyu. Ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ta farko, na ɓoye maka magana. Lokacin da likita ke lissafa waɗanda dundumi ya fi kamawa, ƙasa nake kallo, don ni ma na yi sati uku ba na gani bayan magariba. Tun la'asar nake gama tuwo, in jera komai inda hannuna zai same shi, in sa Nana ta riƙe mini zane kamar wasa muke. Na ji tsoron kada ka ji ka baro shanu ka taho, a yi biyu babu.

Asirina ya tonu wata magariba da na makara a rijiya. Na miƙa wa Baffa kunu, shi ma ya miƙo hannu, muka saɓa, ƙwarya ta kife tsakaninmu. Na duƙa ina shafa ƙasa ina nemanta, alhali tana jikin ƙafata. Ya ji yadda nake laluben, don irin nasa ne. Ya ce, "Cima, tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya tashi ya koma ɗaki da yunwarsa.

Ta biyu ita ce Wule. Ranar kasuwa da sassafe na iske turke babu komai. Da hantsi sai ga Baffa, wani mai jaki na biye da shi da hatsi, shi kuma yana rungume da ƙwarya a rufe. Ashe ya kai Wule wurin mahauta, ya ce hantar tasa ce, ya tsaya a kansu har suka ciro ta. Labo mahauci ya gaya mini cewa da za a kayar da ita Baffa ya juya baya, ya ja rawani ya rufe fuska.

Na gasa kaɗan, na yanyanka sauran na shanya, don likita ya ce mai ciki kaɗan-kaɗan za ta riƙa ci. Baffa ya ce shi ba ya ci, tsoho me zai kalla? Na ture tawa na ce to mu makance tare, Nana ta ja mu. Ya harare ni, ya ce ƴaƴan Haɓe ba su da kunya, sannan ya ɗauka. Ina gani yana taunawa hawaye na bin gemunsa. Na yi kamar hayaƙi ya shiga idona, na tashi.

Kwana uku muka fara ganin sauƙi. Shekaranjiya aka fita duban watan Sha'aban, ni na fara hango shi bisa gawon bakin rijiya, siriri kamar zare. Baffa ya rantse ya riga ni, kunya ce ta hana shi faɗa. Har yanzu gardamar ba ta mutu ba.

Na san burin da ka ɗora a kan karsanar nan, kuma saboda ni ta tafi. Na ce da Baffa zan rubuta maka cewa laifina ne. Ya ce, "Ki rubuta ni na ja igiyar. In yana da faɗa ya zo ya yi da ni, yanzu ina gane mai shigowa."

To ka zo ɗin, ko da faɗan ne. Haihuwa saura wata guda, kuma ina so ka iske mu muna ganinka.

Taka har kullum, Cima.