Baƙon da Ya Zo da Sunan Mikail

Madabo, Birnin Kano.

Zuwa ga ƙanena Sadiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yan'uwantaka, tare da fatan kai da Bahijja da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Jidda. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu ma lafiya lau. Ciwon gwiwar Hajiya ya yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Audu mai zuwa Umra, alhali ga waya. An hana mu yin wannan magana ta waya ne.

Maganar autanmu Mikail ce. Ka san an tura shi cikin sojojinmu masu aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ba mu sani ba shi ne ba ya cikin masu sintiri. Larabcin da ya tsotsa a bakin Hajiya ya sa aka saka shi a sashen tattara bayanan sirri. Yakan shiga kasuwanni cikin kayan gida, ya zauna da fatake da masu shayi, ya ji hanyar da 'yan tawaye suka yi wa kwanto, ya sanar kafin ayarin abinci ya bi ta.

Kwanakin baya wani mutum ya yi sallama a zaurenmu da hantsi, fari, mai fara'a, Hausarsa da ɗan gargada. Ya ce tare suke aiki da Mikail, hutu ya zo, shi ne ya ga bai kamata ya koma bai gaida mahaifiyar abokinsa ba. Ya san sunan matarsa Turai, ya san sunan jaririyarsu. Ina makaranta a lokacin. Hajiya ta sa aka shigo da shi, suka yi ta hira da Larabci, ta ba shi abinci, ta nuna masa hotunan suna. Ya tambayi makarantar da manyan yaran Mikail suke, ta faɗa masa. Ya ce zai dawo ya karɓi saƙo kafin ya tashi.

Da na dawo ta ba ni labari tana murna, ni kuwa na tsargu, domin Mikail bai taɓa aiko kowa ba tare da ya sanar da ni ba. Na nemi Kyaftin Haruna, abokinsa na Ƙofar Na'isa. Da ya ji siffar mutumin sai ya ce in ba shi lokaci. Washegari ya zo da wasu mutum biyu, suka ce babu wannan mutumin a rundunar su Mikail. A nan ne ya bayyana mini ainihin aikin Mikail, ya kuma ce an sace wani mai sayar da raƙuma da ke ba Mikail labari, kuma ana zaton daga wayarsa aka samo lambar Mikail, aka bi ta har aka gano gidanmu. Ya ce wataƙila 'yan tawayen so suke Mikail ya san sun san inda iyalinsa suke, don ya janye.

Sadiƙ, tun ranar abinci ba ya shiga mini. Mun mayar da Turai da yaran Kabara, gidan Baffa Umar, an kuma cire su daga makarantar. Ko mai gyaran famfo ne ya yi sallama, sai na leƙa na ga ko wane ne kafin a buɗe masa. Mikail ya aiko ta bakin Haruna cewa yana lafiya, an sauya masa gari, amma ba zai nemi a dawo da shi ba sai an san halin da mai raƙuman yake ciki, don mutumin shi ma yana da 'ya'ya. Na yi fushi, na yi kuka, daga baya na yi masa addu'a.

Abin da nake roƙonka, ka goge hotunansa da ka sa a Fesbuk, kuma in ka kira kada ka tambayi inda yake. Idan da hali, ka zo gida. Hajiya ba ta san komai ba, saboda hawan jininta mun ce mata Turai ta je jinyar gwaggonta ne. Ta sa an yi dambun nama da alkaki, ta ƙulle a ɗakinta, kullum tana tambayata ko yaron kirkin nan ya dawo karɓar saƙon ɗanta. Na rasa bakin da zan faɗa mata, kuma ba na so in faɗa ni kaɗai.

Ka gaida Bahijja da Zainab da ƙaramin Umar. Baffa da Inna Kande suna gaishe ku. Ka sa Mikail a addu'a idan ka shiga Harami.

Taka yayarka,
Sa'ida.