Kwanukan da Inna ta ɓoye

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Kawu da su Auta? Ni lafiya lau, sai 'yar ƙunar da injin matse kwanuka ya yi mini a hannu a wurin aiki. Ta kusa warkewa, kada ki sa a ranki.

Auta ta tsegunta mini cewa kwanukan da na aiko miki sun lanƙwashe, kin ɓoye su ƙarƙashin gado don kada raina ya ɓaci. Wai kullum sai kin wanke su da tafasasshen ruwa, saboda aikin ɗanki ne. Haba Inna!

Laifina ne, ni na cika baki na ce sun fi roba. Ƙarfi kam suna da shi. Ni nake ɗaura su a inji ana ja har su tsage, masu digiri ma ni suke tambaya. Amma da sitaci da ƙaiƙayin shinkafa muke yin su, ba sa jure zafi sosai. An yi su ne a ci abinci sau ɗaya, su ruɓe su zama taki.

Don Allah ki fito da su, ki binne a gindin lemon da marigayi Baba ya shuka. Bana ma hutuna bai samu ba. Ko ba komai, aikin hannuna zai riga ni shiga ƙasar gidanmu, kafin Allah ya kawo ni in sha inuwar.

Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Injiniyan Inna