Ba Zan Dawo Da Ke Gida Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da neman gafara, ina rubuto miki ne daga ɗakin da muka kama a Alƙahira don jinyarki. Ke kuwa kina can ƙasan asibiti, cikin firjin ajiye gawa, kuma ni na sa aka bar ki a ciki.

Ke da kika tsufa kina yi wa matan Sandamu wankan gawa! Ina tuna yadda kike tsoma hannu a ruwan ki ji ɗuminsa, kamar jariri za ki wanke. In dangi suka ce a jira wani ɗa da ke hanya daga Kano, sai ki ɗaure fuska ki ce, "Ita ba jiransa take ba, ku sallame ta."

To, ni na hana a sallame ki. Tun ranar farko Kawu Sale ya bugo waya ya ce a binne ki a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Na ɗaga masa murya, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na ce sai gida. Na yi ta zarya tsakanin ofishin jakadanci da kamfanin jirgi, kina kwance cikin sanyi, ke da ko a bazara sai kin lulluɓa.

Jiya wani ma'aikaci ya yi mini bayani. Sai an ɗura miki magani a jijiya, a sa ki a akwatin ƙarfe a liƙe, kuma maza ne za su yi aikin. Ya miƙo biro in sa hannu a takarda, na kasa karɓa. Kunyarki ta kama ni.

Na fasa, Inna. Gobe bayan azahar za a yi miki sallah a nan, a kwantar da ke cikin mutanen da ko gaisuwarsu ba ki iya ba.

Ba ki taɓa roƙona in mai da ke ba. Don kaina na yi. Tsoro nake ji in shiga zaure ni kaɗai, Baba ya ɗaga kai ya duba bayana. Har yanzu ban gaya masa kin rasu ba, kuma an ce kullum yana bakin titi yana duban motocin da ke fitowa daga Daura.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya ba ni bakin da zan faɗa masa. Ki yafe mini, Innata.

'Yarki,
Hajara