Baƙin Layi a Farcen Mai Fenti

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin mutumin nan ya haukata ni.

Maigidana mai fentin gidaje ne, shekara goma sha tara hannunsa bai taɓa zama kala ɗaya ba. Wata biyar ke nan da na ga wani baƙin layi a farcen babban yatsansa na dama. Ya ce fenti ne. Ya goge da fetur, ya kankare da reza, layin sai ƙara faɗi yake, har baƙin ya hau fatar gindin farcen. Wannan wane irin fenti ne, Anti? Da ƙyar na ja shi asibiti. Likitar fata ta ce a ɗebi ɗan nama a gwada, don ciwon dajin fata yakan fara haka. Muna fitowa ya ce shi baƙi ne wuluk, wannan cutar fararen fata ce. Sai yayarsa ta zo ta ƙarasa dagula lamarin, wai daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi da allura zai bazu. Takardar gwajin tana can cikin akwatin burushinsa, duk ta ɓaci. Na yi faɗa, na yi gaba, har na ce in ya mutu babu ruwana. Ƙarya nake, wallahi tsoro ne ya cika ni. Yau kwana uku ba ya yi min magana. Ya zan yi da shi?

Matar Mai Fenti

Ƙanwata, kina da gaskiya. Baƙar fata tana rage ɓarnar rana, amma ba ta hana wannan ciwon. A jikinmu ma ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Yawancin layukan farce ba komai ba ne, sai dai wanda ke faɗi yana hawa fata ba a zuba masa ido. Maganar ƙarfe kuwa, haba! Gwaji ba ya baza ciwo. Mutane ne ke zuwa a makare, in abu ya tsananta a ɗora wa allura laifi. Yanzu har akwai sababbin magunguna da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, amma har gobe babu kamar a kama shi da wuri.

Sai dai ke ma kin yi wauta. Da wannan yatsan yake riƙe burushi, da shi yake ciyar da ku, kin ɗauka taurin kai ne kawai? Tsoro yake kar a yanke. Ba zan yi miki alkawarin ba za a taɓa yatsan ba, likita ce za ta faɗa. Ku koma cikin makon nan ya tambaye ta da bakinsa, ku tafi da yayar tasa ta ji da kunnenta.

Kuma ki janye waccan baƙar maganar. Ni kika faɗa wa kina tsoro, shi kika ce wa babu ruwanki. Ki je ki faɗa masa gaskiya yau. Allah ya sa a ji alheri, ya bar muku shi.