Sunan da Mahaifiyata Ba Ta Faɗa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Iyalan Tsofaffin Sojoji da ya zauna a Gwarzo,

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, da fatan kun huce gajiyar zaman da kuka yi a ƙasarmu.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Gwarzo, haifaffen Gammo ta ƙaramar hukumar Kabo. Ban saba rubutu a jarida ba, kuma fito da zancen cikin gidanmu bainar jama'a abu ne mai nauyi a gare ni. Sau biyu na rubuto maka ta hannun sakataren kwamiti, sau biyu ya buga mini hatimi cewa takardar ta shiga, har yau ban ga amsa ba. Sanarwar da kuka liƙa ta ce kwamiti zai dawo Gwarzo ranar Alhamis ta ƙarshen wannan wata domin zaman ƙarshe na sauraron ƙorafi, kuma duk fayil ɗin da ba a warware ba a ranar za a rufe shi a kan hukuncin da yake ɗauke da shi. Yau saura kwana goma sha biyu. Abin da ya sa na biyo ta nan ke nan.

Ga maganar a taƙaice. Mahaifina tsohon kofur ne, nakasasshe, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi. Ya rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce. Matarsa ɗaya, ita ce mahaifiyata. Ta bayyana a gaban jami'inku domin a tabbatar da ita a matsayin matar marigayi, aka tambaye ta sunan mijinta, ba ta faɗa ba. Sai aka rubuta a kan fayil ɗinta da jan biro, da Turanci, abin da fassararsa ita ce: mai neman haƙƙin ta kasa faɗin sunan mamacin, ana zargin ba matarsa ba ce.

Ina roƙon ka yi haƙuri ka bi waɗannan bayanai.

1. Mahaifina ya shiga soja yana saurayi, a farkon yaƙin basasa. An harbe shi a gwiwar hagu, aka kama shi, ya yi fiye da shekara a tsare. Da aka sako shi raunin ya riga ya ruɓe, likitocin soja suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ya dawo Gammo a lokacin da danginsa suka riga suka yanke ƙauna. Duk wannan yana cikin takardar sallamarsa, kuma hukuma ba ta taɓa musanta shi ba, domin ta biya shi fansho har watan da ya rasu. Game da zamansa a tsare kuwa, ba zan ƙara kome ba sai abu ɗaya da zai zo a gaba, saboda shi kansa bai ƙara mana ba.

2. Ya auri mahaifiyata shekara biyu bayan dawowarsa. 'Yar Mainika ce, daga gidan makiyaya da suka zauna suka kama noma. An ɗaura auren a ƙofar gidan kakana kamar yadda ake ɗaura kowane aure a lokacin: waliyyai, shaidu, sadaki, goro, fatiha. Ba a rubuta takarda ba. Limamin da ya ɗaura da shaidun duka sun riga mu gidan gaskiya. Katin magaji da mahaifina ya cike ranar da ya shiga soja kuma sunan wansa ne a kai, tunda a lokacin ba shi da mata. Na fahimci cewa wannan giɓi ne a wurin mai duba takarda. Shi ya sa na kawo takardar rantsuwa daga kotu, da wasiƙar dagaci, da ta mai unguwa. Suna cikin fayil ɗin, shafi na huɗu zuwa na shida.

3. Ranar tantancewa, Talata, mun iso tun ƙarfe bakwai na safe, layi bai zo kanta ba sai bayan azahar. Ƙa'idarku ita ce mai neman haƙƙi ya shiga shi kaɗai, don kada a riƙa raɗa masa amsa. Ban yi jayayya da wannan ba, na tsaya a baranda. Ba ta yi minti biyar a ciki ba ta fito. Na tambaye ta yadda aka yi, ta ce, “An gama.” Daga bakin mutanen da ke kusa da taga na ji sauran. An ce jami'in ya tambaye ta sunan mijinta, ta ce, “Malam.” Ya ce Malam wa? Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita har sau uku, na ukun da ɗaga murya. Da ta yi shiru, ya ce da abokin aikinsa, yadda na waje suka ji, wai ga wata an ɗauko haya ko sunan ba a biya mata ba.

4. Ranka ya daɗe, a nan ne nake son ka tsaya. Mahaifiyata ba ta manta sunan mijinta ba. Ba ta taɓa furta shi ba ne, tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, shekara hamsin da ɗoriya. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi, haka yawancin sa'anninta suke daga Mainika har Kabo. Mace ba ta kama sunan mijinta. Akwai wani mahauci a unguwarmu mai suna irin na mahaifina. Duk tsawon rayuwata, in za ta aika a sayo nama sai ta ce a je wurin mai sunan Malam. Jikanta da aka sa wa sunan, Abba take ce masa. Ni ne ɗanta na fari, na haura shekara hamsin, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, “Ina wancan?” Da jami'inku ya tambaye ta sunana, da irin shirun da zai samu ke nan, da kuma sai a rubuta cewa ni ma ba ɗanta ba ne.

Na san addini bai hana ba. Na san 'ya'yanmu na yanzu da yawa ba su riƙe wannan ba, ban kuma ce su riƙe ba. Abin da nake cewa shi ne, tambayar da kuka tsara don kama mai ƙarya ta zama tarko ga mai gaskiya. Matar da aka ɗauko haya, abu na farko da za a haddace mata shi ne sunan, za ta kuma faɗe shi tiryan-tiryan har da na kakansa. Wadda za ta yi tuntuɓe a wurin ita ce tsohuwar da ta zauna da mutumin da gaske.

5. Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Mako uku na yi ina haɗa fayil ɗin nan. Na yi hoton kowace takarda kwafi uku, na jera su bisa tsari, na sa lambar shafi. Duk karatun da na yi a jami'a bai sa na tsaya na yi tunanin tambaya ta farko da kowane ofishi yake yi ba, alhali a gidan na tashi. Da na tuna, da na sanar da jami'in tun a bakin ƙofa. Ba na kuma zarginsa da mugunta. Yaro ne matashi, da alama ba a nan ya tashi ba, ga layi har bakin titi, ga shi an ce masa ya lura da masu cuta, kuma na san akwai su. Amma ɗaga muryar da ya yi ba ta cikin aikinsa.

6. Da na kai wa sakatarenku wasiƙa ta biyu, ya saurare ni da mutunci, ya ce, “Malam, ai abin mai sauƙi ne. Ranar ƙorafi tambayoyin nan dai za a sake, Hajiya ta daure ta faɗa sau ɗaya a wuce wurin.” Ni ma a lokacin na ga kamar mai sauƙi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi Gammo. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na zauna daga nesa kaɗan, inda na saba zama. Na yi mata bayani a hankali: kalma ɗaya ce, sau ɗaya, ɗaki a rufe, kuma na tambayi liman ya ce babu zunubi. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Liman ya fi ni sani. Amma shi da yake raye ya taɓa ji na kira shi? Sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan kama sunansa a gaban yaran da na yi jika da su?”

Daga nan ta yi mini tambayar da nake gudu. Ta ce matan unguwa suna ta shigo mata jaje, ba ta san na mene ne ba, tunda kuɗi dai an saba da jinkirinsu. Me yaron ya rubuta? Na ɓoye mata wannan tun ranar Talatar. Da ta tambaya kai tsaye ban iya yi mata ƙarya ba, na fassara mata. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Sannan ta ce, “Ce musu su riƙe kuɗin. Su goge wannan.”

Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa suna ko biki ba, ko gaisuwar mutuwa sai ta aika.

7. Ba zan yi maka ƙarya in ce tana kwana da yunwa ba. Ina da albashi, ƙannena suna noma, maganin hawan jininta bai taɓa yankewa ba. Haƙƙin da doka ta tanadar mata na wata goma sha ɗaya yana nan bai fito ba, kuma nata ne, ba zan yafe shi da bakina ba. Amma ka ji abin da ta sa a gaba. Idan aka rufe fayil ɗin nan ranar Alhamis yadda yake, rubutu na ƙarshe da hukuma za ta ajiye a kan auren iyayena shi ne cewa ana shakkar an yi shi. Mutanen Gammo sun riga sun ji. Wasu sun san gaskiya suna jinjina kai, wasu yara ne da ba su san kome ba sai abin da aka faɗa a bakin taga.

8. Akwai hanyoyin gane ta da ba sa buƙatar sunan. A tambaye ta wace ƙafa ce, daga ina aka yanke, tabo nawa ne a bayansa, a gwada da rahoton likitan soja da ke hannunku, wanda ita ba ta iya karantawa. Ita ce take wanke dungun ƙafar kowace safiya, ta shafa man kaɗanya, ta naɗe da tsumma kafin ya ɗaura ƙafar katako, daga baya ta roba. A tambaye ta lambarsa ta soja. Ba ta yi boko ba, ba ta jin Turanci, amma za ta karanto muku lambar nan da Turancin bariki ba tare da kuskure ba. A inda aka tsare shi, kowace safiya sai sun faɗi lambarsu kafin a ba su abinci, kuma duk lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi, lambar yake maimaitawa. A bakin gadonsa ta haddace ta. Lamba ba suna ba ce, ba ta jin nauyin faɗinta.

Akwai kuma shaida mai rai. Baba Saje Isa na Sabon Birni, wanda aka tsare su tare da mahaifina, yana cikin jerin 'yan fanshonku, kun tantance shi a ranar Talatar nan. Ya ci tuwon hannunta shekara da shekaru. Da labarin ya kai masa cewa ya yi, “Ku ɗauke ni ko a amalanke ne, in je in ga wanda zai ce ba matar Kofur ba ce.” Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ne, ba na jin za a daɗe ana samun irin wannan shaida.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abu huɗu, bisa jerin da ita ta fi so.

Na farko, a soke wancan rubutu na jan biro, a rubuce, da sa hannunka, a ba mu kwafi in kai mata.

Na biyu, ranar Alhamis a tantance ta da tambayoyin da na ambata, ko wasu irinsu da kwamiti ya ga dama, a kuma saurari Baba Saje Isa. Idan dole sai sunan ya fito, jami'i ya karanto sunaye biyar ko goma, ita ta ɗaga hannu in an zo kan nasa. Na tambaye ta, ta ce wannan za ta iya.

Na uku, idan ta tsallake, a sakar mata haƙƙinta.

Na huɗu, a sake duba duk fayil ɗin da aka yi wa irin wannan rubutu a zaman Gwarzo. Ban san adadinsu ba, ba zan ƙirƙira ba. Na dai ga tsofaffin mata a layin nan da suka fito da sauri kamar yadda ta fito, kuma ba kowacce ke da ɗan da zai rubuta wasiƙa ba.

Ranar Alhamis, in Allah Ya kai mu, za mu iso tun da safe, ni da ita da Baba Saje. Ina sanar da kai tun yanzu don kada a ɓata wa kwamiti lokaci: idan tambayar nan aka sake yi mata, shirun nan za a sake samu, kuma ni ba zan ƙara roƙonta ba. Na yi sau ɗaya, na ga fuskarta.

Allah Ya yi maka jagora a wannan aiki mai nauyi, Ya kare ka daga zaluntar kowa bisa rashin sani, Ya sa ka gama lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifina da abokansa da suka riga mu, Ya rufa wa matan da suka bari asiri.

Sunan da jami'inku ya nema sau uku, ga shi nan a tsakiyar nawa. Ita ce ta haife ni a ɗakinsa.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Usman Haruna Gammo